Guntun Sabulun Kawu Nomau

Duk wanda ya san Kawu Nomau a Dakoro ya san guntun sabulun da ke cikin hularsa. Ba na wanki ba ne, kun dai ga rigarsa. Tun da ya bar koyarwa a lakwal, magana ɗaya ya riƙe: "Ruwa hwata gare shi."

A teburin mai shayi sai ya kwantar da allura a kan ruwa ta ƙi nitsewa, ya lakato sabulu ya taɓa, ta yi ƙasa. Mai shayi ya gaji ya ware masa kofinsa daban, don an fara cewa shayinsa na kumfa. Ran sunan 'yata kuwa ya tsare surukina yana alwala, wai ya dubi yadda ɗigo ke dunƙulewa a bakin buta, har aka tayar da salla. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai shekarar da ƙwari suka faɗa wa waken ƙungiyarmu a hanyar Kornaka. Kawu ya ce a daka 'ya'yan bedi, wato darbejiya, a jiƙa, a tace, a sa ɗan sabulu kafin a fesa. Wai ruwa zalla dunƙulewa yake a kan ganye ya gangare, sabulu ne ke yaga fatar ya shimfiɗu. Ni aka ba feshin, ya ciro guntun nan ya damƙa mini. Na ce a raina wake za mu yi wa wanka? Na jefa shi aljihu.

Ina fesawa ina ganin ruwan na mirginawa ƙasa, na kau da kai. Kwana goma ƙwari suka cinye gonar. A taron ƙungiya aka yi wa Kawu ca, har da ni a cikin masu dariya. Ya dube ni.

"Ɗan nan, ka sa sabunin?"

"Na sa, Kawu."

"To, ni na kuskure awo. Ku yahe mini."

Daga ranar ba a sake neman shawararsa ba, allurar ma ya daina.

Da ya rasu, ran addu'ar ukunsa matarsa, Inna Hajo, ta ja ni gefe. Ashe ranar feshin ya bi bayana, ya shafa ganye ya ji ba sabulu, ya dawo ya ce mata ta yi shiru: shi ya saba a yi masa dariya, ni ban saba ba.

To, yau kun ji. Ban sa ba, kunya ce ta hana ni faɗa yana da rai. Allah ya jiƙan Kawu, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.