Rakiyar Nura zuwa bakin teku

Largo

Ko kiran assalatu ba a yi ba Yaya Hajara ta kusa ɓalle min ƙofa. Ɗanta Nura sojan ruwa ne a nan Amurka, yau jirginsu zai bar tashar Norfolk, sai bayan watanni zai dawo. So take in kai ta, ta dafa kansa ta yi masa addu'a kafin ya tafi. Na ce, "Yaya, tasin nan tawa ko jirgin sama tsoronta yake." Ƙarfe biyar muka ɗau hanya.

Richmond

Nan muka sha mai, na sayi shayin da ko mara lafiya ba zai gode ba. Na ce, "Wai wane jirgi ne nasa?"

"Ya ce min na biyu."

Hampton

Dab da ramin da motoci ke bi ta ƙarƙashin ruwa muka tarar da cunkoso, har kunkuru ya wuce mu yana mana sannu. Sai ga wayar Nura: an janye tsanin hawa jirgi, ba shiga ba fita, mu tsaya gaɓar nan za su gifta.

A gaɓar muka samu wani dattijo Ba'amurke yana kamun kifi, tsohon sojan ruwa. Can sai ga jirage huɗu a jere, duk ruwan toka, kamar uwa ɗaya ta haife su. Yaya ta hau ɗaga wa na biyu hannu. Na yi wa dattijon bayani, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce "na biyu" sunan rukuninsu ne gaba ɗaya. Irin waɗannan jiragen haɗa su ake 'yan kaɗan ƙarƙashin kwamanda ɗaya, jirgin da kwamandan yake ciki shi ke ɗaga tutarsa, rukuni-rukuni kuma su haɗu su zama runduna.

Na ce, "Yaya, ayarin fatake ne. Ga madugu can mai tuta."

"To wanne ne na Nura?"

"Na madugun mana! Ɗanki fa ne."

"Rufe min baki, Sabi'u. Yaron da ke gyaran inji?"

Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cikakkiyar addu'arsa, har da Turawan ciki. Hannuna ya yi tsami da amin. Da na huɗun ya shige ta share ido ta ce, "Duk inda yake, addu'ar ta same shi."

Largo

Bayan la'asar muka iso gida lafiya. Alhamdu lillahi. Dattijo mai ƙugiya, Allah ya ba ka kifi ƙato kamar tasina.