Gaisuwar suruki a kwance

Jama'a, jiya a gaban surukina na faɗi da moto.

Wata shidda ke nan ina ɗaukar hatsi daga Bonkuku zuwa kasuwar Filinge da moto mai ƙafa ukku, wanda ko ka tsaya ba ya faɗuwa. Jiya na ari mai ƙafa biyu na ƙanena, na sa babbar riga, na tafi gaida tsoho.

Na iske shi ƙofar gida da abokansa. Na taka birki, na ɗaga hannu biyu ina gaisuwa, na mance ban sauke ƙafa ba. Sai ga ni tim cikin rairai, moto bisa kaina.

Tsoho ya ce, "Ɗana, durƙuso ma ya isa, ba sai ka kwanta ba."

Na ce, "Baba, girmanku ne."

Kafin in isa gida, matata ta ji labari. Ku faɗa mini, da wane ido zan koma gidan nan?