Gadon da Pi Intha Ya Haɗa a Cikin Mota

Duk yaron da ya yi firamare a unguwarmu ta Lampang, yayana Pi Intha ne ya kai shi makaranta, wasu har da 'ya'yansu. Farar motar nan tasa mai ƙofar da ake ja gefe, ita ce dai har yau. Iyaye na son shi don ba ya gudu a titi, yara na son shi don ba ya faɗa. Ni Chansom ƙanwarsa ce, na san abin da ba su sani ba: in ya sa abu a ransa ba ya shawara da kowa, sai ya gama ya zo ya tsaya yana murmushi, yana jiran a yaba.

Da tsufa son gudu ya same shi. Likita ya ce ya rage tumbi. Wani da sai ya rage shinkafa, shi sai ya sayi takalmi. Ya fara da zagaya filin haikali, kafin mu farga ya koma hawan duwatsu, dattijo da furfura da gajeren wando, ƙwauri kamar sillen kara. Matarsa Pi Saengda (Pi muke ce wa duk wanda ya girme mu), mai taliyar bakin kasuwa, ba ta gudu, amma a tafiyar ƙasa ba na jin akwai namijin da zai ja da ita. Da ya ajiye aikin makaranta, duk ƙarshen shekara in sanyi ya sauko sai ta rufe shago, su cire kujerun baya su jefa katifa, su nufi duwatsun lardin Nan. Shi ya yi ta gudunsa, ita ta yi ta takawa, su dawo da leɓe a fashe suna ba mu labarin hazon da ke kwanciya a kwari da safe, kamar mun tambaye su.

Sai ɓarin jikinta na hagu ya shanye, tana tsaye a gaban tukunya.

Ta tashi, ba laifi. A cikin gida tana takawa da sanda, tana dafa bango. Amma ƙofar gida ta ce ba da ita ba. "Mutanen da na ciyar shekara da shekaru su gan ni ina jan ƙafa, baki a karkace? A bar ni." Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in ba ta riƙa tafiya mai ɗan nisa ba, ƙafar za ta sandare, ƙarshenta gado. 'Yarsu Namfon kuwa tana Bangkok tana ba da umarni ta waya. Ta aiko keken guragu mai sheƙi, ita ba ta zo ba. Ni da ke yi wa uwarta wanka, ni ake tambaya ko na wanke hannu. Kada ma in fara wannan zancen.

Damina guda Pi Intha ya yi a bayan gida da zarto da guduma. Da ya gama ya kira mu. Ya haɗa gado a cikin motar, a gicciye, don Pi Saengda gajeriya ce, faɗin motar ya ishe ta. Wajen kai ya ɗaga shi ya ɗaure da kusoshi a jikin bangon motar, saboda in ta kwanta shamɓar tana ƙwarewa. Ga ƙarfen kamawa a gefen hannunta mai lafiya. Ƙafafu kuma suna kallon ƙofa, yadda in an ja ƙofar za ta ga waje daga kan matashinta.

"Ba zan sauka ba fa," in ji ta.

"Wa ya ce ki sauka? Ke dai kwanta, dutsen zai zo ya same ki."

Da wannan sharaɗin ta yarda. Ni aka ɗauka don wanka da girki, ba don ina marmarin sanyi ba. Namfon ta kira ta ce wannan ganganci ne. Na ce mata in tana da wata dabarar ta hau jirgi ta kawo, na kashe wayar.

Tuƙinsa bai canja ba, manyan motoci ma wuce mu suke. A kwanar da ɗakin tsafin hanya yake ya danna hon kamar kowa, ya sunkuyar da kai. Mun isa filin da ake kafa tanti a kwana da sauran rana, muka sami wuri a can bakin gangare, inda ba abin da ya tare kwarin. Ya yi gaba ya yi baya har ƙofar ta fuskanci inda rana za ta fito daidai, ya ja ta, ya tsaya da murmushin nan nasa. Pi Saengda tana kwance cikin bargo biyu da jar hula, duwatsu jere a gaban ƙafafunta. Na ga yatsunta sun daina murza bakin bargo.

Ina fitar da shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza sai na ga hasken rana ya shigo ta ƙaramar tagar da ke saman kanta, ja wur, ya sauka a kan hular. Na ajiye kwandon.

"Pi, ina rana take faɗuwa?"

"Can mana." Ya ɗaga hannu ya nuna, hannun ya tsaya a sama.

"Damina guda kana aune-aune, fensir a kunne kamar wani injiniya. Bai taɓa faɗo maka ba cewa wanda ya kwanta yana kallon gabas, kansa yamma yake? Haka muka kwantar da Baba. Haka muka kwantar da Inna. Marar lafiya za ka kwantar kwanciyar gawa, a kan dutse, a ƙarshen shekara?"

Pi Saengda ta yi dariya da rabin bakinta. "Ku bar ni haka, Chansom. In fara koyo tun yanzu, kada ranar ta zo in yi ta juyi."

Ni na kusa darawa. Shi bai dara ba. Tunda nake da yayana ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare mata jini. Ya gyara mata bargo, ya rufe ƙofar a hankali, ya shiga ya tada mota. Matashin ba ya juyuwa, shi da kansa ya kafe shi, don haka motar ce dole ta juya. Da ya gama, kanta ya koma gabas, ƙofar kuma tana kallon bangon banɗaki da tankin ruwa.

"Kwanan ne kawai," ya ce mata. "Da asuba in kin farka zan juya ta, ki ga fitowar rana a zaune."

"Tankin ma yana da kyau," in ji ta. "Shuɗi ne."

Da gari ya fara wayewa na leƙo daga kujerar gaba inda na kwana a dunƙule. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Filin kuwa ya cika maƙil. 'Yan hutun sabuwar shekara sun kakkafa tantuna har jikin tayarmu, gaba da baya, wani ma ya shanya safarsa a madubinmu. Na je na girgiza tantin farko. Wata budurwa ta leƙo, ta haɗa hannu tana ba da haƙuri, ta ce ko sun naɗe tantin akwai motar da ta tare hanya, mai ita ya hau dutse da makulli a aljihu. Na faɗa mata abin da nake tunani game da tarbiyyar mutanen birni. Pi Intha ya janye ni.

"Yara ne, sun sha hanya."

"Kai komai yara ne. Shi ya sa suka raina ka har suka girma."

Ya durƙusa a bakin ƙofar. "Saengda, bari in goya ki. Nan da nan ne, bayan motar kawai."

"Ni buhun shinkafa ce?"

"To keken Namfon."

"A wannan ciyawar? Ka tura ni kwari ka huta." Ta dube shi sama da ƙasa, yana sanye da rigar gudunsa mai ruwan lemo tun kafin ya san abin da ya faru. "Ka tsaya min a ka kamar wanda aka koro daga aji. Tafi ka yi gudunka, tsoho. Tsayuwarka ba za ta matsar da tanti ba."

Ya tafi, yana waiwaye.

Na kunna risho na ɗora kunun shinkafa, ina yanka citta da yatsun da ba na ji. Ta bayan motar ana ta jin mutane suna tururuwa zuwa bakin gangare. Mu kuwa ga tanki.

"Chansom, ya kai ina?"

Na zagaya na duba na dawo. "Ya wuce itatuwan nan, ya fara hawa."

Ban gama fasa ƙwai ba ta sake. "Yanzu fa?"

Na sake zuwa. "Yana kan tudun farko. Hazon ya cika kwarin."

"Da yawa?"

"Da yawa."

"Yana gudu ko yana tafiya? Gwiwarsa ta dama tana damunsa in ana sanyi, ba zai faɗa ba."

Ni dama ban yi barci ba, bayana ya riƙe, ga hayaƙin risho. Na buga cokali a bakin tukunya. "Pi Saengda, ni ba rediyo ba ce. Mijinki ne, gwiwarsa ce. Ga sandarki nan, ga ƙafarki. In kina son gani ki je ki gani."

Na ɗauka na ɓata rawar gaba ɗaya. Na ci gaba da juya kunu, ban kalle ta ba.

"Miƙo min takalmi," ta ce. "Ba wannan ba, na tafiyar."

Na ɗaura mata igiyar. Ta kama ƙarfen ta zauna, ta sauko da ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar da hannu. Ciyawar ta yi ƙaras a ƙarƙashinta. Na miƙa hannu, ta ture, sai ta dafa jikin motar kamar yadda take dafa bangon gida. Muka bi ta tsakanin igiyoyin tantuna, ina gaba ina ture takalman mutane da ƙafa, na shirya wa duk wanda ya kuskura ya zuba mata ido. Ba wanda ya kalle ta. Kowa ya ba mu baya, waya a sama, suna jiran rana. Da motar ta ƙare ba sauran abin dafawa, ta tsaya tana huci, farin tururi na fita daga bakinta. Sai ta dasa sandar a gaba ta bi ta.

A bakin shingen katako wani saurayi ya matsa mata ba tare da ya waiwayo ba. Kwarin ya ɓace, sai hazo fari shimfiɗe har iyakar gani, kawunan duwatsu sun huhhudo ta cikinsa, gefen sama ya fara ja. Ita ba can take kallo ba. Idonta na kan hanyar da ta sauko daga tudu.

"Ga shi can. Dubi maƙaryaci. Tafiya yake."

Gaskiyarta. Ɗigon ruwan lemo ne yana saukowa a hankali, kai a ƙasa, hannu a ƙugu. Ko ƙololuwar bai kai ba ya juyo. Muryarta ba ta kai nisa yanzu, don haka ta jingina da shingen ta ɗaga sandar sama tana kaɗawa. Ya ɗago. Ya tsaya cak. Sai ya zubo da gudu, irin gudun da bai taɓa bari yaran motarsa su yi ba, tsakuwa na tashi a bayansa.

Ya iso yana haki. Ya dube ta, ya dubi motar can baya, ya sake dubanta, hanci na zuba.

"Goge hancinka, mutane na gani," in ji ta. "Ƙafata ta gaji. Ba ni kafaɗa."

Ya sunkuyo ta ɗora hannu, ya juya zai nufi mota.

"Ba can ba. Wancan bencin na sama, nan kan mutane ya tare ni."

Bencin yana kan hanyar dutsen ne, da ɗan hawa. Na buɗe baki in ce ya isa haka na yau, sai na rufe. Suka kama hanya, ita ta sa sanda, shi ya jira, ta ja ƙafa, shi ya taka.