Billen da Ya Shigar da Ni Jirgi

A shekarar da soja suka miƙa mulki ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, ina haya a Gyadi-Gyadi. Wata safiya matar maigidan hayarmu ta ƙwala mini kira, wai ana nemana a waya daga Legas. Mijin ƙanwata ne. Ƙanwar tawa ta yi haihuwar fari, an sha suna lafiya, amma yanzu ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi yana yi mata wuya. Na tambaye shi wa ke yi mata wankan jego. Ya ce gwaggonsa ce, kuma tana ƙoƙari ƙwarai: ruwa mai tafasa safe da yamma, garwashi a ƙarƙashin gado, kunun kanwa kuwa ƙwarya guda.

Na ga masu jego da yawa da aka kawo mana a haka, zuciya ta gaza, kuma ba dukansu suka koma gida da ƙafarsu ba. Na ce a daina ba ta kanwa, a kai ta asibiti. Ya ce, "Yaya, ni ban isa in hana Gwaggo ba. Sai dai ki zo da kanki."

Mahaifiyarmu ta rasu, ni ce uwa ni ce ya. Mota za ta cinye mini yini da kwana, ban da shingayen hanya. Saboda haka ni da ban taɓa ganin cikin jirgin sama ba na je na yanki tikiti. Na jefa abin awon jini da magunguna a jaka, na rataya katin aikina a wuya, na zauna gaban madubi na shafa hodata kamar kullum.

Hodar nan tana da tarihi. Ina da bille, irin na gidanmu, daga gefen hanci ya gangaro kunci. Iyayena auren zumunci suka yi, don haka kowa da nasa, na Inna mahaifiyarmu ma irin nawa ne sak. Da na zo birni karatu, 'yan matan ajinmu suka sa mini suna Mai Hatimin Ƙauye. Ban taɓa yin kuka a gabansu ba, amma da na fara ɗaukar albashi na gano wata hoda mai kauri a kasuwar Tarauni, wadda in na dandaɓa ta sai ka matso sosai za ka ga alama. Shekaru ban taɓa fita babu ita ba.

A filin jirgi layi ya kai ni gaban wani jami'i mai kaki, dogo, wanda daga tsayuwarsa ka san ya saba a ji tsoronsa. Ya karɓi tikiti, ya karɓi kati, ya juya bayansa.

"Hajiya, katin nan ya mutu tun bara."

Wallahi ban taɓa duba kwanan watan ba. Wa ke tambayata kati a ɗakin haihuwa? Na ce, "Katin ne ya mutu, Malam. Mai shi ga ta a gabanka."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. "To ai ba ma ke ba ce. Wannan tana da bille, ke ba ki da shi. Katin ƙanwarki kika aro? Koma gefe."

Hoton na farkon kama aikina ne, kafin in san hoda. Na yi masa bayanin mai jego, na nuna masa abin awon jini. Ya ce kowa da labarinsa yake zuwa. Wani Alhaji a bayana ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baiwar Allah, ki ɗan rusuna ki ba shi haƙuri. Mutanen nan ba a ja da su." Sauran layin kowa ya sa ido a ƙasa. Sabo turken wawa: an ce soja sun koma bariki, amma mu wuyanmu bai miƙe ba tukuna.

Raina ya ɓaci. Ba a kan jami'in kaɗai ba, har da Alhajin, har da ni kaina da na ji gwiwata tana neman lanƙwashewa. Na tuna ranar zaɓe, yadda na tashi daga aikin dare na tsaya a rana har la'asar don in dangwala yatsa. In bayan wannan sai na durƙusa wa mutum kafin in je in ceci 'yar'uwata, to me na tsaya yi?

Na ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi zai ji, "Ba zan koma gefe ba, kuma ba zan rusuna ba, don ban yi sata ba. Bille kake nema? Tsaya."

Na ciro gorar ruwa daga jaka, na jiƙa gefen mayafina, na dirje kuncina a gaban jama'a. Hodar ta caɓe, ta ɓata mini mayafi, ban fasa ba sai da fata ta yi zafi. Sannan na miƙa masa fuskar.

"Ga shi nan. Wanzami ya yi shi ranar sunana, bai rubuta ranar ƙarewa ba. Haɗa da hotonka."

Wata a layin ta yi dariya, ta rufe baki. Jami'in ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kira abokiyar aikinsa, mai binciken mata. Ta zo ta riƙe haɓata, ta goga babban yatsanta a kan billen don ta ga ko da kwalli na zana. Ta dubi hoton ta ce, "Ita ce." Ta zazzage jakata tas, ta shinshina magunguna, ta tambaye ni aikin kowanne, na gaya mata. Wannan bai dame ni ba, aikinsu ne.

Da zai miƙo mini katin ya ce, "In kin dawo ki sabunta shi." Na ce, "Wannan kuma gaskiyarka ce." Na wuce. Ban ce na gode ba, don ba kyauta ya yi mini ba.

Abin da na tuna a jirgin kaɗan ne: kunnena ya toshe, kuma na yi ta salati. Hodar tana cikin jaka, madubi ma haka, amma hannuna bai kai gare su ba.

Na isa gidan kafin magariba. Tun daga ƙofar ɗaki hucin garwashi ya dake ni. Gwaggon, tsohuwa mai tsabta da son yarinyar har zuciya, tana riƙe da ƙwaryar kunu. Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na karɓi ƙwaryar na ajiye a waje, na janyo kaskon wutar daga ƙarƙashin gado. Ta ce da haka aka yi mata nata jegon, da haka ta yi wa mata goma. Na ce, "Gwaggo, na sani. Wannan zuciyarta ba za ta ɗauka ba. In kina so ki yi fushi da ni, ki yi a hanyar asibiti." Ta dube ni, ta dubi mai jegon, ta ɗauki jaririn ta goya.

Ƙanwata ta rayu. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo.

Amma abin da nake ɗauke da shi daga ranar shi ne lokacin da muke cikin tasi za mu asibiti, kanta a kafaɗata, tana jan numfashi da ƙyar. Ta ɗaga hannu ta shafa kuncina inda na dirje, ta bi layin billen da yatsa har ƙarshensa. Ta ce, "Yaya, da kika ɗaga labule na ɗauka Inna ce ta zo."