Shekarar da Barau Bai Shuka Gero Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bayan Toranke ya ji labarin Mai unguwa Barau da masu lambar agana. Ranar da suka iso da allurarsu, gari ya watse. Mata suka tura 'ya'ya cikin rumbuna, ƙarti majiya ƙarfi kuwa kowa ya tuna yana da aiki a daji. Barau ya fito gindin tsamiya ya naɗe hannun riga aka yi masa, ya zauna nan har la'asar don kowa ya ga bai mutu ba. Washegari layi har ƙofar masallaci.

Halinsa ke nan, ba ya cewa a yi abu sai ya fara da kansa. Duk wata yakan hau kekensa zuwa Gaya zaman majalisar gunduma, kuma duk abin da ya ɗauko daga can, a gidansa ake fara gwada shi. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, shi ya fara zama a tabarma da furfurarsa, ana yi masa dariya. Takin zamani sai da ya zuba a rabin gonarsa damina guda kafin ya buɗe baki. Har ta kai in an zo da sabon abu, tambaya ɗaya mutane ke yi: “Barau ya gwada?”

Amma abin da talakawan unguwar suka fi dogara da shi ba keken ba ne, rumbunansa uku ne. In damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, sai mace ta zo gaisuwa da ƙwarya rufe da faifai. Ta ajiye a gindin rumbu, ta shiga ɗaki wajen matarsa Lauratu su taɓa hira. In ta fito, ƙwarya ta yi nauyi. Ba mai roƙo, ba mai godiya, ba wanda ya ji kunya.

Wani babban fari da aka yi ya cinye rumbunan nan, ya kwashe awaki da shanun mutane. Shekara biyu bayansa, ana dab da saukar ruwa, malamin gona ya kawo albishir a majalisa: an samu irin gyaɗa mai kyau, amma a shuka shi zalla, kuma wanda bai karɓa bana ba, an wuce da rabonsa wata gunduma. Barau ya dawo yana ta saƙe-saƙe a kan keke. Babu lokacin gwaji. Amma gyaɗa ce kaɗai za ta iya mayar wa mutane dabbobinsu. Ya tara jama'a ya ce a karɓa.

Indo, wata gwauruwa mai riƙon jikoki huɗu, ta aiko a tambaye shi, “Mai unguwa, kai ka gwada?”

Maganar ta tsaya masa a rai. Da safe ya ce da masu yi masa aiki duk gonakinsa uku gyaɗa za a sa.

Lauratu ta ce, “Malam, ka bar ko ta bakin tafki ga gero. In wani abu ya faru, ina mutane za su nufa?”

Ya ce, “In ce su shiga, ni in maƙale ƙafa ɗaya a waje? Da wane ido zan dubi Indo?”

Ni dai har yau nakan ce gaskiyar Lauratu ce, amma wa zai iya da mutumin da yake ganin amana yake riƙewa? Da Indo ta ji abin da ya yi, babbar gonarta ta ba gyaɗa.

Shuka ta fito gwanin sha'awa. Sai wasu ƙananan ƙwari masu danƙo suka sauka, ganye ya fara murɗewa yana yin rawaya, tsiro ya tsugune ya ƙi tashi. Kuturtar gyaɗa ce, kuma ba ta zaɓi gona ba. Barau ya taka keke zuwa Gaya sau uku cikin mako guda. Malamin gona ya tashi tsaye ya ba shi kujera, ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙasar duk haka take. In ta riga ta kama, ba ta da magani.” Barau ya koma majalisa ya roƙi hatsi, aka rubuta, ba a kawo ba. Da kaka ya bi kunya-kunya yana tuge gyaɗa, saiwa ce kawai ke biyo hannunsa.

Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya sayar da keken ya sayi dawa ya raba, ba ta kai wata biyu ba.

Damina ta sake yin tsakiya. Wata ranar kasuwar Ajingi da hantsi, yana zaune a zaure, Indo ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai. Ya amsa, ya kasa ce mata ta tsaya. Ta wuce ciki ta ajiye a gindin rumbu kamar kullum, ta shiga wajen Lauratu. Ya biyo baya ya tsaya kan ƙwaryar. Ya leƙa rumbun da ya san babu komai ciki, ya sake leƙawa, har ya zura hannu ya shafo ƙasa.

Hirar ta yi tsawo, don Lauratu ta rasa yadda za ta sallame ta. Da Indo ta fito ta sunkuya ta ɗaga ƙwarya, hannunta ya gaya mata. Ba ta buɗe faifan ba. Ta sa hannu biyu ta ɗora a ka kamar mai ɗaukar kaya, don kada 'yan unguwa su gane.

Ta ce, “Mai unguwa, dama gaisuwa na zo. A huta lafiya.”

Ya raka ta har ƙofar zaure, ya tsaya yana kallonta tana tafiya a hankali, tana tallafe da ƙwaryar.