Pa Lukong da Dutsen Wankin Mata

Kullum da safe, kafin gajimaren da ke kwana a kwarin Mbiwon ya tashi, za ka ga Pa Lukong a ƙofar gidansa da kofin shayi, ya ba kasuwa baya, ya ɗaga kai yana kallon turken sadarwar da ke kan dutsen Taanyar, can tsallaken rafi. Sau da yawa ba abin da ake gani sai farin gajimare, da jar fitilar turken tana kyaftawa a sama kamar ba ta jingina da komai ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, ina ma shakkar ko fitilar yana gani. Amma sai ya kalla. In ya gama ya ɓare goro, ya rataya jakarsa, ya gangara rumfarsa ta gyaran waya da ke kusa da masu sayar da fiya.

Wannan watan zai rufe rumfar, don ido ya ƙi. Ni maƙwabciyarsa ce, shinge ɗaya ya raba mu shekara talatin, kuma malamar makaranta ce ni, saboda haka bakina ba ya iya shiru. Na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce in dai ina da takardar ɓatawa, in kawo masa ya naɗe sukurori.

Kafin rumfar, shekara ashirin da huɗu ya yi yana hawa turaku wa wani kamfanin waya. Shi ke ɗaure ɗamarar igiya, ya kife hular kwano, ya hau har inda shaho ke wucewa ta ƙasan ƙafarsa, ya saita eriyar da ke watsa sabis. Kamfani ya ba shi na'urar auna yadda eriya za ta sunkuya, amma yawanci a jaka take kwana. Da yatsunsa yake awo. Ya ce sabis kamar ruwa ne, daga sama ake zuba shi, sai ka sauko ka bi da ƙafa ka ga inda ya kwanta. Haka kuwa yake yi. Duk ranar da ya taɓa eriya, sai ya yini yana zagaya gari da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, yana tsayawa a bakin coci, a gonar kofi, a bayan asibiti. Ya san lungun da sabis ke zuwa da hantsi ya gudu da yamma. Ya taɓa gaya mini cewa in yana can sama, iska ta lafa, yakan ji kamar muryoyin garin duka suna wucewa ta tafin hannunsa, masu gaisuwa da masu faɗa da masu neman aure. Na ce masa yunwa ce ke sa shi jin haka, ya riƙa cin abinci kafin ya hau.

Sai shekarar da aka kashe mu ta zo. Haka muke faɗi har yau, duk da cewa waya aka kashe. An yi rikici tsakanin yankinmu da masu mulki a babban birni, sai takarda ta je wa kamfanonin waya cewa a rufe mana komai, kira da intanet. Kamfanin da ya cika mana bango da hotunan mutane suna dariya da waya a kunne bai ko yi tari ba. Ranar wata Talata muka wayi gari wayoyinmu sun zama tocila. Matasan da ke aiki da kwamfuta suka tattara suka bar garin. Mai ɗa a ƙasar waje ta daina jin ɗanta. Tun da nake ban taɓa jin garinmu ya yi shiru irin na makon nan ba, har kukan rafi ake ji daga kasuwa.

Turken Taanyar bai shiga takardar ba, domin tsallaken rafi wani yanki ne daban. To amma ɗaya daga cikin eriyoyinsa tana fuskantarmu, sabis ɗinta yana ɗan tsallakowa gefen gari. Da aka gane, sai aka umarci Pa Lukong ya hau ya sunkuyar da kanta har ta daina isowa. Ba a ce masa in ya ga dama ba. An kuma nuna masa a fakaice inda ake kai masu gardama.

Ya hau. Abin da ya faru a can sama, sai bayan shekaru ya ba ni labari. Ya ce ya kwance ƙusoshin, ya fara sunkuyar da eriyar, yana ji a jikinsa yadda sabis ke janyewa daga asibiti, daga gonakin kofi, yana gangarowa kwari. Sai gajimare ya ɗan yaye, ya hango launuka a bakin rafi, ja da rawaya da shuɗi, zannuwan da mata suka shanya a kan ciyawa. Matan kansu tukurwa ta rufe su, shanyar kawai ake gani. Ya tsaya yana kallo, sifana a hannu. Ya rage faɗin yatsa ɗaya eriyar ta kai inda aka ce, sai ya ɗaure ƙusoshinsa ya sauko.

Kowa a Mbiwon ya san wurin nan. Faffaɗan dutse ne da bai fi tabarma goma ba, inda mata ke wanki da wanka tun zamanin kakanni, kuma namiji ba ya sauka can. Ko fon ɗinmu, sarkin gari, ba ya sauka. Wanda ya kuskura, tsofaffin mata za su je ƙofar gidansa su yi masa abin da ba zan rubuta ba, kuma ko ɗan sandan da ya fi kowa taurin kai ba ya son wannan ziyarar. Ka ga ke nan mutumin da bai taɓa saita eriya bai bi ta da ƙafa ba, ya zuba sabis a wuri ɗaya tak da ƙafarsa ba za ta taka ba.

Washegari ya tare Ma Yefon, shugabar matan rafi, tsohuwa mai bakin da ko reza ta san da zamansa. Ina wurin, ina tsinkar ganyen njama-njama na miya.

"Ma, in za ki wanki yau, ki tafi da wayarki."

"In yi me da ita? In goge ƙafa?"

"Ki dai tafi da ita. Ki kunna a kan dutse."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita ta san hawa sama yana taɓa ƙwaƙwalwa, ta wuce. Da azahar ta dawo ba wankin, ba sabulun, ɗankwali a hannu. Ɗanta da ke aikin jirgin ruwa ya yi mata magana. Ta nufi gidan Pa Lukong. Ta ajiye masa goro biyu a bakin ƙofa, ta juya.

Daga ranar, garinmu ya kamu da ciwon tsabta. Mata suka riƙa gangarawa da daro a ka, kaya a sama, wayoyi a ƙasa naɗe cikin leda. Rigar da aka wanke jiya a sake wanke ta yau. Mazajen da suka shekara suna ƙorafin ba a kula da kayansu suka ga riguna suna koɗewa a jikinsu. Mafi daɗin abin, duk namijin da ke son aika saƙo dole ya miƙa wa matarsa wayarsa, ya kuma gaya mata lambar buɗewa. Wayyo, abin da dutsen nan ya ji! Akwai gidan da aka yi mako ba a dafa tuwon masara ba. Akwai dattijon da ya ce shi ya haƙura, ba ya da kowa a waje.

Amma in kika sauka can, ba dariya ce ke fara kama ki ba. Tururi na tashi daga ruwa, rana na ratsowa ta ganyen tukurwa, mata talatin sun yi cirko-cirko a kan dutse, kowace ta ɗaga hannu sama da waya kamar masu roƙon ruwa. Sai ki ji ƙararrawar saƙo ta fara, nan ɗaya, can ɗaya, har ta game wurin. Ma'aikaciyar jinya tana aika hoton ciwo ga likita, wata tana karɓar sakamakon jarrabawar ɗanta, wata tana kuka a hankali da muryar mijinta a kunne. Ma Yefon na zaune da sanda tana ƙidaya wa kowa lokacinta. In an hauro gari kuwa, kowa ta ɗinke bakinta.

Mutum ɗaya ne bai aika komai ba, shi ne Pa Lukong. Matarsa ta rasu wurin haihuwar 'yarsu tilo, Beri. Ita Beri tana aure a wata ƙasa mai nisa, da tsohon ciki, kuma saƙon ƙarshe da ya same shi kafin a kashe mu shi ne an kwantar da ita asibiti, jininta ya hau. Irin ciwon da ya ɗauke uwarta ke nan. Na roƙe shi ya ba ni wayarsa in sauka da ita, ya ƙi. Ya ce layin kamfani ne, ranar da lambarsa ta bayyana a kan eriyar nan, ranar za su gane ba kuskure ba ne, a rufe wa kowa. Na yi fushi, na kira shi mai taurin kai, na ce 'yarsa ce fa. Ya ce ya sani. Lambar Beri kawai ya rubuta mini a bayan kwalin ashana.

Na aika mata saƙo daga wayata. Shiru. Na sake. Kwana goma sha tara ina sauka rafi ina haurowa, kullum ina tarar da shi a bakin shinge yana yin kamar gyaran wani abu yake, ni kuma in girgiza kai in shige. Na ga mutumin nan yana ramewa a tsaye. Tsoron haurowa nake ji fiye da na 'yan sanda.

Ran na ashirin, ina tsaye a kan dutse, ruwa na lasar ƙafata, saƙon murya ya shigo. Ban saurara ba, ba nawa ba ne. Na tura wayar ƙarƙashin jiƙaƙƙun kaya, na hauro da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa. Na ajiye daron a gabansa na danna. Da farko numfashi kawai muka ji. Sai muryar Beri, a gajiye: "Pa, ina nan. Na sha wuya, amma ina nan. Ji wannan." Sai kukan jaririya ya fito daga cikin kayan wanki. Pa Lukong ya zauna a ƙasa, a kan jar ƙasar nan, ya ce in sake sakawa. Sau bakwai na saka.

Asirin ya yi kwana sittin da uku. Na'urorin kamfani ne suka tona shi, don sun ga eriya ɗaya a bakin daji tana ɗaukar abin da ya fi na wata unguwar birni. Aka turo wani matashin injiniya, ya hau da na'urarsa, ya samu yatsa ɗayan nan. Ya so ya ba Pa Lukong mafita, ya ce ai hannun tsufa ne, kowa na kuskure. Pa Lukong ya ce shekara ashirin da huɗu hannunsa bai yi kuskure ba, ba zai ɗora masa yau ba. Aka tsare shi kwana goma sha ɗaya. Ya fito ya tarar da takardar kora, saura shekara biyu ya yi ritaya, da sharaɗin kada ya ƙara taka turken kowa. Da aka maido mana da sabis, kamfanin ya aiko wa kowa saƙon murnar sake haɗuwa. Na goge nawa ban ƙarasa karantawa ba.

Kai ne, Pa, ka buɗe mana taga ka tsaya a waje. Kai ne mai awo da yatsa, wanda bai taɓa cewa a gode masa ba. Shekarun nan duka tambaya ɗaya kake yi mana, kana yi kamar wasa: wai daidai ina sabis ɗin ya sauka?

Asabar da ta wuce tsofaffin mata suka zauna a kan maganar barinsa ya sauka rafi. Suka ce doka doka ce, amma idonsa ya riga ya tafi, kuma awa ɗaya ba za ta kashe kakanni ba. Aka hana wanka, kowa ta ɗaura zaninta mai kyau. Beri, wadda ta zo hutu, ta riƙe hannunsa, muka gangara da shi. A bakin ruwa ya cire takalmi. Ya taka dutsen a hankali, ya durƙusa yana shafa shi, Ma Yefon ta kama hannunsa ta kai shi inda ƙafafunmu suka fi tsayawa, ta ce nan ne ya fi ƙarfi. Ya ɗaga kai wajen Taanyar, ya daɗe, ya auna wani abu a iska da yatsansa.

"Na karkace da taki biyu," in ji shi. "Tsakiya na nufa."

"Ka ji tsohon banza," in ji Ma Yefon, tana share ido da bakin zani. "Tsakiya ai nan muke wanka. Allah ne ya karkatar da hannunka."

Mun gode, Pa Lukong. Matan rafi sun gode, mazajen da asirinsu ya tonu ma sun gode, ko da ba za su faɗa ba. Ku kuma 'yan baya da ke zaune gaban na'urori, ko kuke rataye a kan turaku, wata rana takarda za ta zo muku daga sama, kuma ba lallai ku iya ƙin ta duka ba. In ranar ta zo, ku ɗaga kai ku duba ko akwai shanya a bakin rafi kafin ku ɗaure ƙusa ta ƙarshe.