Na Kai Hita Inda Ake Jiran Itace

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Akwatia Line a Kumasi, mu uku a tsohuwar a-kori-kurar abokina: shi a sitiyari, gwaggona a tsakiya, ni a matse jikin ƙofa. A baya akwai ragon suna, buhun shinkafa, silindar gas da wani kwali da na naɗe da bargo kamar ƙwai. Waɗanda suka yi ta aiko mini da saƙo suna tambayar yadda aka yi suna, ku gafarce ni da shirun da na yi. Ga labarin, kuma ba mai daɗi ba ne.

Maiɗakina ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogi can gaba da Kintampo. Ta sauka lafiya, muka samu 'ya mace. Ko cibiya ba ta faɗi ba kogi ya cika ya shigo gari, ya ci gidajen gangare har da nasu. Aka kwashe mutane zuwa kan tudu aka kafa musu tantuna. Da na samu surukata a waya, abu biyu ta gaya mini: itace duk ya jiƙe, mai jego ba ta samun wankan kirki, sannan jikinta da ɗan zazzaɓi. Zazzaɓin nan shi ya tsaya mini a rai. Niyyata in je a yi suna, in lallaɓi tsohuwar ta ba ni matata in kawo ta asibiti a Kumasi, ko da ba a yi arba'in ba.

Sana'ata sayar da tsofaffin kayan da 'yan borga, mutanenmu mazauna Turai, ke auno mana a kwantena. A cikin irin kayan nan na taɓa tsintar hita mai aiki da gas, wadda Turawa ke tafiya da ita idan sun fita kwanan daji don jin daɗi. Girmanta bai wuce ƙaramin akwati ba. Ana rataye ta a bishiya, ruwan sanyi ya shiga ta wani tiyo, na zafi ya fito ta kan shawa. Ta daɗe a shago ba mai saye, don duk wanda na nuna wa sai ya ce shi da kwanan daji sai dai in mai gida ya kore shi. Ranar da na ji matata tana tanti ba ruwan zafi, na dubi hitar nan na ce ashe don yau Allah ya hana ki fita. Bakinta bai dace da silindarmu ba, wani mai walda a Suame ya ƙera mata sabo, na haɗa da ɗan injin jan ruwa mai aiki da batirin mota. Na gwada a tsakar gida ruwa ya fito yana tururi, 'yan haya suka taru suna kallo, kaina ya kumbura.

Hanyar Offinso a jiƙe take, an kwana ana ruwa. Muka tsaya wurin wata mai koko, ƙosanta ya ƙanƙance har gwaggo ta ɗaga guda ɗaya ta tambaye ta ko maɓalli take soyawa. A Akomadan, garin tumatir, kwandunan sun ragu kuma kuɗinsu ya hau, masu sayarwa suka ce ruwa ya ruɓar da gonaki. Duk shingen masu tsaron hanya da muka iso, ragon nan sai ya ɗaga murya kamar sato shi muka yi. A Techiman muka ci shinkafa da wake a ganye, da shito, miyar barkono mai yajin da ya sa direbanmu hawaye. Ni dai turawa kawai nake yi, hankalina yana can.

Bayan Kintampo gari ya buɗe, dogayen itatuwa suka ƙare, sai kaɗanya da ciyawa. Gefen titi buhunan gawayi ne a jere, da tulin busasshen itace a ƙarƙashin rumfuna. Nan gwaggo ta dafa hannun direba ta ce ya tsaya. Ta juyo gare ni.

"Kai, ina itacen wankan?"

Na ce, "Gwaggo, ai abin da ke cikin kwalin nan ya fi itace mota guda."

Ta ce, "Namiji in matarsa ta haihu itace yake kaiwa, a jibge a ƙofar gida kowa ya gani. Ubanka haka ya yi."

Direba ya leƙa baya ya ce, "Chale, abokina, Mma ya faɗi gaskiya fa. Amma mota ya cika, sai dai mu sauke rago."

Na yi dariya na ce a ja mota. A raina ina cewa tsofaffi ba sa gane zamani. Gwaggo ta ciro carbinta.

Da muka sauka daga kwalta hanya ta koma taɓo. Mun kafe, mun tura, mun sake kafewa. Akwai wani kwalbati da ruwa ke lasar bakinsa, direba ya daɗe yana kallonsa kafin ya haye. Wajen la'asar muka hau tudun. Tantuna ne farare da shuɗɗa a jere, tsakaninsu katifu da tabarmi an baza suna shan iska, ga warin danshi da na kifi. Ko'ina hayaƙin ɗanyen itace ne mai sa hawaye, wutar kuwa ba ta ci. Daga nan kana hango rufin gidajen garin a cikin ruwa.

Na ga 'yata, Allah ya raya ta, ja-wur da ita. Uwar ce ta tsorata ni. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, da na riƙe hannunta na ji shi da zafi. Ta yi mini sannu da zuwa a hankali, kanta a ƙasa saboda mahaifiyarta na wurin. Surukata ta karɓe mu da fara'a, ta je bayan mota tana sa albarka: rago, shinkafa, silinda, kwali. Ta sake dubawa tun daga farko, sannan ta ce, "Sauran kayan suna hanya ne?" Gwaggo ta kau da kai.

Ban ɓata lokaci ba. Na rataye hita a reshen wata kaɗanya, aka kewaye wurin da tamfol da zana. Ruwan da ke duro na kogi ne, ja kamar kunu, sai da aka jefa alif ya kwanta. Duk da haka ya toshe 'yar rariyar da ke bakin tiyo, na kwance na wanke na mayar. Direba ya matso da mota muka maƙala waya a batir. Na buɗe gas, na murɗa shawa, abin ya yi ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama a ciki, ruwa ya zubo yana tururi. Matan da suka taru suka yi salati. Na dubi gwaggo don ta ga ikon zamani.

Sai ungozomar garin, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu, ta matso ta tara tafinta. Ta bar shi a cikin ruwan. Ta ci gaba da barinsa tana kallona.

"Ɗana, ka ga hannuna ban cire ba? Ruwan jego hannu ba ya zama a cikinsa. Wannan na wankan jinjiri ne."

Ku da kuka san wankan jego kun san gaskiyarta. Ruwa ne da ake tafasawa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma, don a kori sanyi daga jikinta. Na murɗa hita har ƙarshe. Ta ƙara zafi kaɗan, sai ta kashe kanta. Na kunna, ta sake kashewa. Masu ƙera ta sun yi ta ne yadda ba za ta ƙona kowa ba, mu kuma ruwan da ke ƙuna ake nema. Na tara a bokiti don a samu na tsoma ganye, kafin ya cika ya huce.

Duk da haka maiɗakina ta ce tana so, don ta gaji da ruwan da ake ɗumamawa da ƙyar a ƙaramar tukunya. Mahaifiyarta ba ta hana ba, ba ta kuma ce to ba. Gwaggo ta shiga da ita. Mai jego ta fito fuskarta a sake, ta ce rabon da ta ji daɗin jikinta haka tun kafin haihuwa. Ta sha kunun kanwa, ta yi barci. Na kwanta a bayan mota ina jin na gama da rabin aikin da ya kawo ni.

Da safe aka yanka rago, aka raɗa wa yarinya sunan mahaifiyata, aka raba goro da dabino a tsakanin tantuna. Kafin azahar mai jego ta fara rawar sanyi, haƙoranta na haɗuwa. Aka lulluɓe ta da bargo biyu ba ta daina ba. Kafin in buɗe baki magana ta riga ta zaga sansanin: ruwan inji ya buɗe mata jiki bai kori sanyi ba, sanyi ya shige ta.

Na durƙusa gaban surukata na ce, "Mma, don Allah ki ba ni ita. Ga mota. Asibitin garin nan yana cikin ruwa, a Kumasi za a duba ta yau ɗin nan."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Ka zo mini ba ko kara ɗaya, mutane suna kallo, na yi shiru. Ka zuba wa 'yata ruwan da bai dahu ba, na yi shiru. Ga abin da ya biyo baya. Yanzu kuma in ɗauke ta in miƙa maka?"

Na ce, "Mma, zazzaɓin nan ya riga ni zuwa. Ke kika gaya mini a waya."

Ta ce, "Kafin ka zo da ƙafarta take tashi."

Wannan gaskiya ne. Na san a raina ba wanka ne ya kwantar da ita ba, ciwo ne da ke cinta tun kwanaki, amma wa zai ji daga bakin mutumin da ya zo ba itace? Gwaggo ta yi roƙo har da hawaye, aka ce mata ai a mota ɗaya muka zo. Surukina ya ja ni gefe ya ce sha'anin jego na mata ne, in tafi tukuna zuciyar tsohuwar ta sauka, zai sa a nemo malamar asibitin da ke zuwa da kwalekwale wani lokaci. Na leƙa tanti na tambayi maiɗakina ita da kanta. Ta ce, "Ka yi haƙuri. Ba zan iya tsallake maganar Mma ba." Tana faɗa tana rawar sanyi.

Direba ya zo ya ce ruwa ya fara hawa kan kwalbatin nan, in ba mu fita yanzu ba motarsa ta zauna ke nan sai kogi ya ga dama. Gwaggo ta sauke jakarta ta ce ita za ta zauna ta sa ido. Hitar kuwa mazan sansanin suka roƙi in bar musu, wani ya kawo batirin injin kwalekwalensa. Muna juya mota na hango su a layi da soso da tawul, suna ta raha a gindin kaɗanya. Kowa a tudun nan ya amfana da ita ban da wadda na kawo wa. Har yanzu ban sani ba ko daidai na yi da na shiga motar.

Da ƙyar muka haye kwalbatin, ruwa har cikin ƙofa. Bayanmu babu motar da ta sake bi. Da muka iso rumfunan masu itace na ce direba ya tsaya. Ya ce, "Chale, hanya ya rufe fa, ina za ka kai?" Na ce ban sani ba, amma ba zan wuce itacen nan sau biyu ba. Muka loda bayan mota har ya yi tozo, muka ɗaure, muka nufi kudu da shi. 

Mahaifiyata tana ƙofar gida da muka shigo layi. Ta dubi gaban mota ba ta ga mai jego ba, ba ta ga gwaggo ba. Ta dubi itacen, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Dawo maka da shi suka yi?" Na ce a'a, ban kai ba ne. Ta juya ta shige ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na koye shi a makare. Na ɗauka itacen jego na hura wuta ne kawai, duk abin da ya dafa ruwa ya biya. Ashe shi ke ba miji bakin magana a gidan surukai, ni kuma na je neman alfarmar da ta fi kowace girma ba tare da shi ba. Da na sauke buhun shinkafa na ɗora ɗauri biyu, da wataƙila yanzu tana gadon asibiti ana mata ƙarin ruwa.

An ce kogi bai fara ja ba. Wayar gwaggo tun jiya a kashe take, na san babu wurin caji a tudun, ina ta gaya wa kaina dalilin ke nan. Itacen yana jibge a ƙofar gidanmu a Akwatia Line, na rufe shi da tamfol, duk sanda hadari ya taso ni ke fita in danne gefensa da duwatsu. Ku taya ni addu'a Allah ya sa in kai shi a yi wankan jego da shi.